Ranar da Alhamis ta ɓace daga jadawalin Ba Sikazwe

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke bayan garin Mbala, kuma ban taɓa ganin Ba Kapembwa Sikazwe ya yarda da abu a karon farko ba. (A nan garin, "Ba" kalmar girmamawa ce da ake sawa a gaban sunan mutum.) Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya karkata kai ya ce, "Lafiya lau. Me kake so?" Shi ne akawun makarantar, dogon mutum siriri mai kwat ɗaya tilo ruwan toka. Ya fara aiki tun zamanin tafireta, kuma lokacin da abin nan ya faru saura wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Wata goma sha huɗun nan su ne komai a wurinsa, don a gidan ma'aikata na cikin makaranta yake zaune da matarsa, gidan da yake ginawa a ƙauyensu kuwa bango ya tashi amma babu rufi. Ranar da ya bar kujerarsa, ranar zai miƙa mabuɗin gida.

Aikinsa na alfahari shi ne jadawalin darussa. Malamai arba'in da biyu, aji goma sha takwas, ɗakin gwaje-gwaje guda ɗaya da kowa ke rububi, duk shi ke tsara su a manhajar nan ta kwamfuta mai shafi gida-gida, kuma ba a taɓa samun malamai biyu sun yi karo a ƙofar aji ba. In yana aiki ba ya taɓa linzamin kwamfuta. Yatsunsa ne kawai ke tafiya a kan madannai, bakinsa na motsi a hankali: uku dama, huɗu ƙasa, shiga. Mun ɗauka addu'a yake yi.

Yana da dokokinsa da suka ishe mu. Ba ya karɓar takarda daga hannun malami. In kana son a canja maka darasi, sai ka tsaya a gabansa ka faɗa da baki, wai rubutunmu ko kaza ba za ta yarda nata ne ba. In ya buga sabon jadawali kuma, sai wani ya tashi a ɗakin malamai ya karanta shi da ƙarfi daga Litinin har Juma'a, yana tsaye hannu a baya yana sauraro, wai don kada wani ya zo gobe ya ce bai gani ba. Ni kam na tsani wannan karatun. Ina ganin tsabar son girma ne.

A hutun watan Agusta aka aiko daga ofishin ilimi cewa a sabunta duk kwamfutocin makarantu. Ba Chilekwa, malamin kwamfuta, magidanci mai yawan dariya, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi aikin, har da ta ofishin akawu. Da muka dawo, sai ga saman shafin ya canja kamanni. Jerin kalmomin nan da muka saba, wanda in ka taɓa ɗaya sauran umarni su sauko ƙasa a layi, babu shi. An maye shi da wani faffaɗan ɗauri cike da ƙananan hotuna, ga almakashi, ga goga, ga mazurari, kowanne ya bar unguwarsu ya koma wata. Kowa ya yi tsaki. Malamin lissafi ya yi kwana biyu yana neman inda ake buga takarda, malamar Turanci ta ce waɗanda suka yi wannan aiki a ƙasar waje ba su da abin yi ne, sai an taɓa abin da ke zaune lafiya kafin a biya su albashi. Bayan mako ɗaya dai guna-gunin ya lafa, kowa ya lallaɓa ya gano hanyarsa.

Ba Sikazwe bai yi guna-guni ba, ya buɗe shari'a ne. Ya tare Ba Chilekwa a baranda a gaban mutane.

"Kai, zo nan. Wa ya ba ka mabuɗin ofishina?"

"Madam shugabar makaranta ce, Baba. Umarni ne daga sama, ba ni na ƙirƙira ba."

"Daga sama. To na sama ne suka ce ka kwashe mini kayan aiki ka zuba mini hotunan 'yan firamare? Ina ka kai na da?"

"Baba, ai duk suna nan, wuri kawai suka canja. Minti goma ya isa in nuna maka."

"Ka nuna mini? Lokacin da na fara jadawali kana yawo ba wando. Na san ƙanwar matarka ta gama kwas ɗin sakatariya tana zaune a gida. Ka gaya mata kujerar da mai ita."

Ba Chilekwa ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Daga ranar Ba Sikazwe ya sa wa ƙofarsa kwaɗo na biyu. Yana cire wayar madannai ya tafi da ita gida a aljihun kwat. Ya daina cin nshima, tuwon masararmu, da ƙananan kifin kapenta tare da mu da rana, sai ya kulle kansa ya ci shi kaɗai. Ya ce shugabar makaranta, Madam Nanyangwe, da ita aka haɗa baki. Har ni ya sa a lissafi, wai ya lura na cika wucewa ta tagarsa, alhali hanyar ajina ke nan tun da aka gina makarantar.

Mu ma ba mu bar shi ba, gaskiya. Mako biyu da buɗe makaranta babu jadawali, muna ta bin na zangon da ya wuce, sababbin malamai uku suna zaune ba aji. Wasu suka ce da gangan yake yi don a dawo masa da tsohuwar manhaja. Wasu suka ce ya fara shan abin da ya fi munkoyo, kunun masararmu mai tsami, ƙarfi. Ni ce na fi kowa zaƙewa, na ce tsoho ne mai taurin kai da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa yake jin kunyar tambaya.

A mako na uku ya fito da jadawali, ya miƙa wa malamin lissafi ya karanta kamar kullum. Aka yi Litinin, aka yi Talata, aka yi Laraba, sai muka ji, "Juma'a, darasi na farko."

"Ka tsallake Alhamis," in ji Ba Sikazwe.

"Babu Alhamis a nan, Baba."

"Kamar yaya babu? Ka buɗe idonka da kyau."

"Ga shi ka duba da kanka. Daga Laraba sai Juma'a."

Bai karɓi takardar ba. Ɗakin ya fashe da dariya, wani yana cewa Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ba mu hutun tsakiyar mako. Shi kuwa ya juya inda ya ji muryar Ba Chilekwa ya ce, "Ka ga aikinka ko? Ka shiga ka sace mini rana guda cur." Madam Nanyangwe ba ta yi dariya ba. Ta kira shi ofis, kuma duk mun ji ta bango: ranar Litinin tana son jadawali cikakke, in ba haka ba za ta ba wani aikin, ta kuma rubuta wa ofishin ilimi a zo a duba ko har yanzu yana iya riƙe kujerar.

Ranar Asabar da hantsi na shiga makaranta ɗaukar taswirorin da na manta. Labulen ofishinsa ya ɗan zame, ni kuma da gulma na leƙa. Yana tsaye ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar, a hannunsa ga madubin ƙara girman abu, wanda mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya yi wata uku yana zargin ɗalibai sun sace. Yana bin hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kai gefe yana kallo da wutsiyar ido, hawaye na zuba saboda hasken. Ya kai minti biyar a kan hoto guda. Sai a lokacin na gane. Na tuna takardun da ba ya karɓa da karatun nan da na tsana, na ji kunya ta rufe ni.

Na ƙwanƙwasa. Ya jefa madubin a aljihu kafin ya buɗe.

"Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa, Baba. Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Idon."

Ya ja ni ciki ya kulle ƙofa. Shekara shida, in ji shi. Ya je asibitin ido a ɓoye, aka ce tabarau ba zai yi magani ba, tsakiyar ganin ne ke mutuwa, gefe-gefe kawai ya rage. Matarsa kaɗai ta sani. Jadawalin gaba ɗaya a kansa yake, gida ɗari bakwai da wani abu, ya san wanda ke cikin kowanne. Umarnin manhajar kuma bai taɓa buƙatar karanta su ba, ƙirga su yake: uku dama, huɗu ƙasa, shi ne daidaita faɗin layi kafin a buga. Yanzu da aka watsa su, ya yi ƙirgensa na kullum a kan layin Alhamis, ashe inda ya sauka umarnin ɓoye layi ne. Ko ƙara girman rubutun allon bai taɓa yarda ya yi ba, don kada mai wucewa ya gani ya yi tambaya.

"To yanzu kin samu abin kai wa Madam," ya ce.

"Haba Baba. Matsa in zauna. Ni zan duba in gaya maka ƙirgen, kai ka haddace."

"A ba ki me? Yammacin Juma'a kike so in bar miki ba darasi ko?"

"In ka bar mini ma ba zan ƙi ba."

"Na sani. Ba a taɓa yi mini alheri a banza ba a makarantar nan."

Amma ya matsa. Muka yi Asabar ɗin har la'asar, muka dawo Lahadi bayan an taso daga coci. Umarni ashirin da uku yake amfani da su, na nemo kowanne a sabon gidansa, wasu ma sai da na sha wuya don ni kaina ban san inda aka cusa su ba. In na ce biyu dama, shiga, shida dama, ɗaya ƙasa, sai ya maimaita sau uku, ya gwada, sannan ya ce in rantse abin da na faɗa shi ne ya fito a allon. Ko sau ɗaya bai yarda da ni ba sai na rantse. Matarsa ta aiko mana da ifisashi, miyar ganye da gyaɗa, da dafaffen rogo, ya tura mini kwanon ya ce in fara ci.

Ranar Litinin aka karanta jadawali da Alhamis ɗinsa, babu karo ko ɗaya. Madam ta ce shi ke nan, magana ta wuce. Ni kuma na duba na ga ya cika mini yammacin Juma'a da darasi biyu a jere, wai don kada a yi zargin wani abu tsakaninmu. Na yi fushi na gaske.

Da aka watse ya tsayar da Ba Chilekwa, a karon farko ba da faɗa ba.

"Wannan abin naku, an gama canja shi ke nan ko?"

"A'a Baba, ai daɗin sabuwar ke nan. Ba sai na zo ba ma. Ita ke sabunta kanta ta intanet, duk lokacin da masu ita suka ga dama."

"Ba sa sanarwa?"

"Sukan rubuta a allo, ɗan ƙaramin rubutu a gefe."

Ba Sikazwe ya gyaɗa kai ya wuce. Tun daga ranar, kowace safiya kafin taron ɗalibai sai na biya ta ofishinsa na leƙa allon na ce, "Suna nan inda suke, Baba." Shi kuma ya ce, "Kin duba da kyau, ko sauri kike?" Haka muka ci zangon, muka shiga sabuwar shekara, kwanon rufi ya hau rabin gidansa na ƙauye. Saura wata tara.

Wata safiyar Talata a watan Fabrairu, ana ruwa tun asuba, na leƙa na ga an sake. Wannan karon ba wuri kawai suka canja ba. Manhajar ta koyi jera hotunan da kanta, tana matso da wanda ta ga an fi taɓawa, tana tura sauran cikin wani lungu, yau daban gobe daban. Na gwada ƙirge ɗaya sau biyu, ya kai ni wuri biyu. Na rasa yadda zan faɗa masa, sai na faɗa yadda yake.

"Za mu sake haddacewa," na ce. "Kullum da safe in zo in ƙirga maka."

"Kullum? In kina aji fa ta juya? In kika yi zazzaɓi? In aka yi miki canjin wurin aiki?" Ya karkata kai ya juyo inda nake. "Ke kika gaya musu yadda nake yi?"

"Su wa, Baba? Mutanen da suka yi abin nan ba su san akwai Mbala a duniya ba."

"Shi ne abin da ya fi ba ni haushi," ya ce.

Ya kashe kwamfutar da kansa, ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya ce zai je wurin Madam kafin wani ya riga shi kai labarin. Na ce ya bari mu yi tunani zuwa gobe, gidan fa rabinsa a buɗe yake ga damina. Ya ce ya sani, shi ya gina shi. Muka fito baranda, ɗalibai sun cika ta suna fakewa daga ruwa, ɗaruruwan idanu a kanmu. A nan ya tsaya, ya miƙo mini gwiwar hannunsa.

"Riƙe ni, 'yar nan," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Akwai matakala uku a gaba, na san da su. Amma na gaji da ƙirge."