Ranar da Taubashina Ya Gode Mini

Mu Kurfayawa ba mu rasa godiya. Ka tarar da mutum rumbunshi ya ƙone, ka ce mishi ina aiki, ya ce maka da godiya. Haka munka tashi. Shi ya sa ranar da wata madam ta ce za ta koya mana godiya na kusa yin dariya, ni da na manta yadda ake yin ta.

Shekarar ce munka baro garinmu munka zo Filinge. Masu babura sun shigo mana da hantsi, sun yi abin da sunka yi, sunka ce duk wanda sunka sake tararwa a garin, shi ya so. Wasu sunka nufi dangi a Tabla, wasu Bankuku, mu munka zauna bayan gari cikin rumfunan kara. Ni na fito da iyalina duka. Taubashina, ɗan ƙanwar babana, ya fito babu babban ɗanshi. A bakin gona munka rufe yaron cikin gaggawa, ko ƙaya ba mu samu ɗora wa kabarin ba.

Tun muna yara ban taɓa jin magana mai daɗi a bakin mutumin nan ba, kuma haka ya kamata tsakanin taubasai. Shi ya ce mini bawanshi, ni in ce mishi ɓarawon fura. In na ba shi goro sai ya juya shi ya ce, "A wace bola ka tsinto wanga?" sannan ya jefa baki. Ranar aurena ya bi mutane yana ce musu amarya ba ta gani sosai, shi ya sa ta yarda. Da zagin nan muke sanin lafiyar juna.

Madam ƴar Filinge ce, ta yi karatu a Yamai, wani proje na masu ba da agaji ya aiko ta wurin irinmu da barci ya ƙi. Tana zama da mata dabam, mu maza dabam, cikin wani ajin lakwal, wato makarantar boko, da babu yara. Ba ta ba da magani. Magana ce kawai, kuma kafin a tashi sai kowa ya faɗi abu guda da ya gode wa Allah a kai cikin makon.

Wani dattijo ta fara tambaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Na ji, baba. A kan mi?"

"A kan komi."

"Komi ya yi mini nauyi. Ɗauko mini guda."

Can ya ce, "Jiya na sha shayi da sukari."

Anka yi dariya, har da shi. Wani ya ce gwiwarshi ta bar shi ya yi sujada. Ni na ce akuyar da na koro ta haihu. Da anka zo kan taubashina, ko kallon madam bai yi ba, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Na gode Allah da bai yi ni da hancin wanga ba."

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ɗan yi mini aiki. In ka san za a tambaye ka, sai ka riƙa yawo kana neman abin da za ka kai, idonka ya ɗan bar wancan hantsin. Shi kuwa kowane zama hancina ne, ko sanƙona, ko tafiyata. Madam ta ƙyale shi. Ni ma hankalina a kwance yake, tunda mai zagi yana nan da sauran ƙarfinshi.

Sai bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa gabas yana watsewa. Duk manomin da ke wurin ya daina magana sosai. Kana ganin mutum ya tsaya bakin rumfa yana shaƙar iska, ba shi da inda zai kai irin.

A zaman makon nan, da anka zo kanshi, sai ya miƙe tsaye. Ba a miƙewa a wurin. Ya gyara hula ya fara da madam, ya gode mata da haƙurin da ta yi da tsofaffin banza. Ya juya ga dattijon shayi, ya gode mishi da ya riƙe mishi hannu a hanya ranar gudu. Ya bi mutane ɗaya ɗaya, kowa da abin da ya yi mishi, har wanda ya taɓa ara mishi allura. Sannan ya zo kaina.

"Ɗan kawu," in ji shi, "kai ka gina ramin yarona, hannunka yana jini ba ka tsaya ba. Na gode. Allah shi saka."

Mutane sunka ce masha Allah. Wani har ya share ido, ya ce yau dai bakin ya buɗe.

Na ce, "Kai ɓarawon fura, zazzaɓi ne ya kama ka?"

Ya yi murmushi ya zauna.

Na ce, "Da kai nike, jaki."

Bai rama ba.

Da anka watse madam ta tsayar da ni bakin ƙofa. Fuskarta babu fara'a. Ta ce, "Baba, abin da na ji yau bai kwanta mini ba. Ya taɓa yi maka haka?"

Na ce, "Tun da uwarshi ta haife shi."

"Mi kake gani?"

"Abin da kike gani. Wagga ba godiya ba ce, ban kwana ne."

Tare munka tafi rumfarshi da la'asar. Munka tarar ya riga ya aika mini da butata da rediyon da ya riƙe tun zuwanmu yana cewa ganima ce. Matarshi ta ja ni gefe ta ce ya kwance zangarniyar hatsin da ya ɗauro cikin riga ranar gudu, ya zauna ya murje ta da hannunshi, bai bari ta taɓa ba.

Madam ba ta yi kewaye ba. Ta durƙusa gabanshi ta ce, "Baba, gida za ka koma?"

Ya ce, "Ɗiyata, ke kika ce a nemi abin godiya. Na nema. Duk nawa can yake."

"Ka san abin da sunka ce."

"Na ji da kunnena."

"To matarka hwa? Ƙananan ɗiyanka hwa?"

Ya dube ni ya ce, "Ga kawunsu nan."

Ba abin da ba a yi ba. Madam ta riƙa zuwa wurinshi kullum, ba sai ranar zama ba. Ta samo wani mutumin gari da ya yarda ya ara mishi gefen gona. Liman ya zo ya yi mishi magana a kan mai kai kanshi ga halaka. Matarshi ta kawo hauyarshi ta ɓoye a rumfata. Ni kuwa na bi shi da zagi safe da yamma, har wanda ban taɓa yi mishi ba, ko zai ji haushi ya mayar mini da guda. Kowa ya yi mishi magana sai ya ce to, ya gode.

Ruwan farko ya sauka da yamma, mai yawa, ƙasa ta jiƙu har ƙamshinta ya hana mutane zama. Da safe bayan an fito masallaci matarshi ta zo tana tambaya ko yana wurina. Hauyar tana nan inda anka ɓoye ta. Irin da ya murje ne babu.

Na bi hanyar arewa har inda soji ke mayar da mutane. Ba su gan shi ba. Wanda ya yi kiwo a dajin nan tun yana yaro ba ya bukatar hanya.

Madam ba ta bar tambayar godiya ba, amma ta ƙara mata wata. In ka faɗi abin da ka gode, sai ta ce, "To wa kake so ka gani mako mai zuwa?" Kuma in mutum ya fara jero sunayen mutane, tana tsayar da shi, ta ce guda ya isa, sauran a ajiye.

Hatsi ya kai gwiwa lokacin da wani mai amalanke ya neme ni a kasuwar Lahadi. Ya ce ya ratsa ta wajen garinmu, ya ga mutum guda cikin gona, ya rame, yana jan ƙaya zuwa bakin gonar, wurin wani kabari. Ya ce akwai sawun babura sababbi a kan hanyar rijiya. Mutumin ya ba shi saƙo, ya ce in ya shiga Filinge ya nemi mai babban hanci.

Na ce, "Haka ya ce? Mai babban hanci?"

"A'a, ni na ƙara da na ga hancinka. Shi ɗan kawunshi ya ce."

"Mi ne saƙon?"

"Ya ce a gaishe ka, ya gode."

Na ce, "Bai zage ni ba? Tuna da kyau. Ko kalma guda."

Ya yi tunani, ya girgiza kai.