Ranar da Na Goge Muryar Inna

Wayar hannu ta shigo Kano ne bayan da sojoji suka koma bariki, kuma mu da muka taso a Gwammaja a lokacin mun ɗauka mu muka ƙirƙiro ta. Da aka jima intanet ta yi araha, sai na kafa tebur da tsohuwar kwamfuta a bakin titi ina turi, wato in zuba wa mutane waƙoƙi a memorin wayarsu. Kowace Juma'a kafin masallaci nakan buɗe shafin da ke jera waƙoƙin da aka fi saurare, in kwafe goman farko. Ina ji da kaina ƙwarai. Wanda ya zo neman waƙar watan jiya sai na yi masa dariya tukuna, in tambaye shi ko daga ƙauye ya sauka.

Muna da ƙa'ida a sana'ar: memori in ya zo hannunka, ka goge shi tas kafin ka zuba komai, saboda galibi cike suke da ƙwayar cutar da ke kashe kwamfuta. Hannuna ya saba har ba ya jiran kaina.

Baba mai wankin hula ne. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi Barbarcinsa bai wuce gaisuwa ba. Inna ce ta iya sosai, don a can ta girma. Tana da wata waƙa ta yarensu da take yi in tana tankaɗe, mai jan amshi, kuma mu yaranta ba wanda ya taɓa tambayar ma'anarta. Ni kunya ma take ba ni in abokaina suna zaure. A ciwonta na ƙarshe ƙanwata ta lallaɓa ta ta rera, ta ɗauka a wayar Baba. Muryar ta shaƙe, da tari a tsakiya, har ana jin Inna tana cewa, "Ke, kashe abin nan." Bayan rasuwarta Baba kan jingina wayar a jikin bokiti ya kunna, yana dirzar hula. Maɓallin nan kaɗai ya iya.

Da wayar ta fara mutuwa, ƙanwata ta sayo masa sabuwa. Wata Juma'a da hantsi ya tako har teburina, abin da bai taɓa yi ba, don sana'ar ba ta kwanta masa ba. Ya ciro memorin a ƙunshe cikin takarda.

"Ka mayar mini da abin da ke ciki sabuwar nan," in ji shi.

"An gama, Baba."

A lokacin mutum huɗu ne a kaina, muna musu a kan waƙar da ta hau ta ɗaya a makon, ni ina rantsuwa tun fitowarta na faɗa. Ina surutu na soka memorin, na goge, na zuba goman farko. Sai da na ga layin turin ya cika a kwamfutar sannan na tuna memorin na wane ne. Baba yana tsaye a gefe yana gaisawa da mai rake.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi damuna har yau. Na ce masa, "Baba, memorin nan ya lalace, cuta ta cinye komai. Amma na sa maka wasu abubuwa."

Ya daɗe yana kallon ɗan abin a tafin hannuna. "Ba a iya dawo da ita?"

"Ba a iyawa."

"To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya ce, ya karɓa ya tafi.

Na kai maganar wajen waɗanda suka fi ni, a ɓoye, suka ce tunda na zuba wani abu a kai, sai haƙuri. Ƙanwata ba ta ajiye kwafi ba, tana ganin ai yayanta masani ne. Ita ma ƙaryar cutar na yi mata, ta yarda, har tana tsine wa masu haɗa memorin jabu, ni kuma ina taya ta.

Baba bai cire waƙoƙin ba. Dattijon da ko kiɗan biki ba ya tsayawa ji, sai ga shi yana jingina wayar a bokiti yana danna maɓallin da ya saba, waƙar soyayyar samari tana tashi a zaure. Ba ya barinta ta yi nisa yake kashewa. Na ce bari in sa masa karatu, ya ce a'a, a bar memorin yadda yake, kada a ƙara taɓa shi. Na gane yana zaton tana nan a wani lungu a ciki, wata rana za ta fito. Na bar shi da zatonsa saboda tsoro.

Shekara goma ta wuce. Turi ya mutu, kowa yana saurare kai tsaye a wayarsa, ni ma na koma sayar da caja. Shafin nan da nakan kwafi waƙoƙi ya fitar da jerin waƙoƙin da suka fi tashe a shekarun, na duba, waƙar da na yi ta rantsuwa a kanta ko ambatonta ba a yi ba.

A makon na je gaida Baba. Idonsa ya yi rauni, ya bar wanki. Muna zaune bayan la'asar ya ce, "Waƙar nan ta uwarku ta fara ɓace mini. Kai da kiɗa ne aikinka, yaya ma take farawa?"

Na rufe ido na nemo ta da gaske. Na ga rariyar, na ga garin a hannunta. Na buɗe baki na fara gunguni, layi ɗaya, biyu, sai na ji abin da nake rerawa. Waƙar da ta hau ta ɗaya a makon da na goge memorin ce, ban manta ko harafi ba.

Baba ya saurara har na yi shiru.

"Wannan ai ina da ita," ya ce.