Neman Doka Daga Guri Zuwa Haɗeja

Litinin: Guri zuwa Haɗeja

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, a kan keken da na aro wurin hedimastanmu. Kwana huɗu alƙali ya ba mu, ga mil talatin da ɗoriya a gabana.

Ga abin da ya fitar da ni. Yayana Bukar ɗan doka ne, kofur mai igiya biyu. Ya zo gida hutu da rani, ya tarar ana su a wani tafki gabas da gari. A al'adarmu ba mai jefa koma sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Wani baƙo ya yi azarɓaɓi, wani masunci ya hana shi, sai baƙon ya soke shi da mashi ya ranta a na kare. Yaya ya bi shi daga shi sai gajeren wando, ya kayar da shi, ya ɗaure da igiyar kwalekwale. Garin kokawa hannun baƙon ya karye. Danginsa suka kai ƙara, wai ɗan doka ba ɗamara ba jar hula talaka ne kamar kowa. Alƙali ya ce shi fiƙihu ya karanta, a kawo masa abin da littafin Bature ya ce. In littafi bai tsaya wa Yaya ba, aikin shekara goma sha shida ya tafi, wataƙila har da gidan yari. Ni kaɗai na yi makarantar Midil a gidanmu, nauyin ya faɗo kaina.

Ƙarfe takwas na iso mashiga. Mai fito, wani tsoho da ake kira Ba Modu, ya karɓi kwabo biyu, ni da keke.

"Malam, ina zuwa da farar safiya?"

"Neman doka, Baba."

"Ikon Allah! Mu a saninmu ita ke neman mutum." Ya kafa gora ya tura. "Yayanka dai namiji ne. An ce sai da ya tsallake tsohon kwarin kogi ya cim masa."

Na yi murmushi, kaina ya yi girma. Ban san maganar nan za ta dawo ta same ni ba.

A Kiri Kasamma wani dogari ya tsayar da ni ya duba lambar keke, na sha fura ta kwabo. Mil shida ya rage ƙaya ta fasa taya, na ƙarasa da turi. Ƙarfe biyar na yi sallama gidan Gwaggo Yagana, ƙanwar mahaifinmu. Ta kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, ta zauna tana kallona ina ci. "Kada ka koma hannu sake, ɗan nan," in ji ta.

Talata: Haɗeja

Na fara da caji ofis. Sajan da na tarar ya san Yaya, har ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce su a baki aka koya musu doka, a filin fareti, littafin kuwa yana ofishin Di'o. Na taka mil guda da rabi, na jira ƙarƙashin maɗaci har sha ɗaya, kafin akawu Malam Isa ya ɗauko mini shi.

Turancina ba mai yawa ba ne, na bi layi-layi da yatsa. Wajen ƙarfe ɗaya na samu abin da nake nema: ɗan doka a bakin aiki yake kullum, da kayan sarki ko babu. Na kwafe, na fara naɗe takarda, sai idona ya sauka layi na ƙasa. Wannan iko, in ji littafi, a cikin ƙasar En'e ɗinsa ya tsaya.

Duk ɗan Guri ya san kogi ya sauya makwanci tun zamanin kakanninmu, amma iyaka ba ta bi shi ba. Tana nan a tsohon kwari, wanda ke bushewa da rani har akuya ta ƙetare. Bayan kwarin ƙasar Bade ce, ba ta En'enmu ba.

Malam Isa ya ga fuskata ta sauya. Na gaya masa. Ya ce, "Malam, abin da aka tambaye ka kenan, layi na farko. Wa zai zo nan ya duba?"

Gaskiyarsa. Na fita har bakin maɗaci da layi guda a aljihu. Amma alƙali zai ɗora hukunci a kan rubutuna, ni da nake dukan yara a kan ƙarya. Na koma na kwafe na biyun, ina jin kamar ni nake kwance wa Yaya ɗamara.

Laraba: komawa

Na samu motar gyaɗa da za ta Kiri Kasamma, sule guda har da keke, muka tashi ƙarfe bakwai. A mashiga mai fito Ba Modu ya tambaye ni ko na samo. Na ce na samo, har da ƙari. La'asar na tarar da Yaya a zaure yana goge tagullar ɗamararsa da toka. Na karanta masa layi na farko, ya gyaɗa kai. Na karanta na biyu.

Ya ajiye ɗamarar. Ya ce, "Na san kwarin nan tun ba a haife ka ba. Da na taka shi na san na fita ƙasarmu. Na dai yi zaton littafi bai san kogi ba."

"Yaya, da na bar layi na biyun a can?"

"Da ka bari, da gobe na faɗa da bakina, ka ji kunya a gaban alƙali."

Alhamis

Alƙali ya saurari layukan biyu. Ya ce a shari'a wanda ya tare mai zubar da jini ba ya zuwa gidan yari. Amma ɗan doka ya yi kamu a ƙasar wani sarki, wannan kuwa na En'e ne. Kafin wata ya mutu takardar sallamar Yaya daga aiki ta iso.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Gwaggo, da Malam Isa, da hedimasta mai keke. Masuncin da aka soka ya warke. Yaya yanzu shinkafa yake nomawa a fadama. Ranar da za a mayar da kayan sarki Haɗeja, ya naɗe su da hannunsa, ɗamara a sama tana ƙyalli, ya miƙo mini. Ya ce, "Kai ka san hanya."