Baba Rafi'u, Mai Ɗanɗana Ruwa

Kafin injin kamfanin lemon kwalba na Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu ta Jidda, ya yi tarinsa na farko, Baba Rafi'u yana bakin ƙofa da ɗan kofinsa. Kowace tankar ruwa sai ta tsaya gabansa. Ya ɗiba, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar. In ya ce "yalla", ta shige. In ya yi shiru, direba ya san sauran. Saboda wannan kurɓin Bahaushe sukutum ya bar goro shekara goma sha takwas, don kada ya ɓata masa harshe. Mu Hausawan unguwar Mahjar mun sha tsokanarsa, wai aikinsa shan ruwa ne kawai.

Da ga-ruwa ya fara, da jaki da ganga. A nan ya san ruwan Jidda: na Kindasa da ake tacewa daga teku, lami, na rijiya, zartsi, na Wadi Fatima, mai garɗi. Wani injiniya Bature ɗan ƙasar Folan ya taɓa gaya masa cewa a ƙasarsu masu yin giyar bodka mai tsada hatsi ɗaya suke jiƙawa, marmaro ne ke raba su: ruwa mai laushi, giya mai santsi, mai kauri, ta karce maƙogwaro. Baba ya ce, "A'uzu billahi da giyarku. Amma batun ruwa, kalamak sah, gaskiyarka ne."

A 1971 aka kawo ruwan da aka gauraya da zartsi. Manaja Hamad ya nuna masa takardar gwaji, ya ce lafiya lau ne. "Takarda ba ta da harshe, ya ustaz," in ji Baba. Aka kore shi gida. Lemon ya fito da ɗan gishiri, masu shaguna suka yi ta dawo da akwatuna. Kwana huɗu, ga Hamad da kansa a zauren Baba, yana roƙon ya koma aiki.

Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma ɗanɗano bai tashi ba. Ya sa matarsa Sauda ta jera masa ruwa iri uku a kofuna bai gani ba, ya kasa raba su. Babu wanda ya sani sai su biyu, ga iyali bakwai, ga iƙamarsa, takardar izinin zaman ƙasa, a hannun kamfani. Da ya ci gaba da cewa "yalla", wa zai gane?

Ya je wurin Hamad. "Halas, shi ke nan, harshen ya mutu. Ku nemi wani, kada in shayar da 'ya'yan mutane abin da ban sani ba."

Na ji tausayinka, Baba, har yanzu ba mu san yadda za ta ƙare da iƙamar ba. Kai ne mai gaskiyar da ta fi ƙarfin cikinsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu riƙe da amanar da ba mai iya bincika, ku dubi wannan dattijo: ranar da babu wanda zai kama shi, shi ya kama kansa.