Man Kaɗe a Zoben Roba

Ban taɓa kiran sunan 'yata ta fari ba. A Maraɗi, inda na tashi, haka muka tarar: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi. Da an yaye shi kaka za ta ɗauke, uwa ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Ni a Gaithersburg na haihu, can ƙasar Turawa, babu kakar da za ta ɗauka, don haka ni na goya, ni na yi raino, amma kunyar na riƙe ta yadda na zo da ita. "Ke" nake ce mata. In ina ba da labarinta, "yarinyar nan". Ƙannenta mata biyu kuwa ina ƙwala musu kira har maƙwabta su ji, in rungume su a bakin motar makaranta. Tana da shekara bakwai ta tambaye ni da Turanci ko na manta sunanta ne. Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Abu ɗaya al'ada ba ta hana ni ba, shi ne kitso. Sana'ata ke nan, a ɗakin ƙasa na gidanmu nake yi wa mata, daga Litinin zuwa Asabar. Lahadi ba na karɓar kowa. Bayan azahar za ta sauko da matashinta, ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyina, in tsefe, in shafa man kaɗe, in tsaga, in kitsa. Awa uku hannuna yana kanta. Bakina kuwa ba ya hutawa: ta daina motsi, ta sunkuya, wannan kai sai ka ce ba a taɓa wanke shi ba. Gashinta ya fi nawa cika da tsawo, ban taɓa gaya mata ba. Ban kuma taɓa gaya wa kowa cewa tun daga Laraba nake fara ɗokin Lahadi ba.

Da ta shiga jami'a sai ta zaɓi karatun halittun ruwa, daga nan kuma ta fara koyon nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a sauka can ƙasan ruwa a daɗe. Mu ruwan da muka sani na rijiya ne, sai na gulbi in damina ta yi kyau. Ranar da ta shigo da takalma masu faɗi irin ƙafar agwagwa, babanta ya yi dariya har ya ƙware. Ni ban yi dariya ba. Da yake ba zan iya cewa ina jin tsoro ba, sai na ce ta kwashe tarkacen daga falo.

Wata Asabar ta tsaya a bakin kicin ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Mama, ki raka ni in zaɓi abin hoto na ruwa."

Na ce, "Ni mi na sani ciki?"

"Ki zo kawai."

Na ce ai dama ina son in sayi gashin kitso ta wajen Woodbridge, inda shagon yake. Ƙarya nake, ina da kwali biyu ban buɗe ba. Muka hau babbar hanya, muka tsaya cikin cunkoso muna rarrafe, ita tana tuƙi, ni ina ƙorafi.

Mai shagon wani dattijon Bature ne mai jar fuska, shi ne kuma malaminsu na nutso. Ya ɗora abu biyu a kan tebur. Na farko 'yar kyamara ce, ba ta fi kwalin ashana biyu ba, an ƙera ta don ruwa, ba ta buƙatar wata hidima. Na biyu akwati ne na roba mai kauri, gabansa garau kamar gilashi, ana sa waya a ciki a datse, a shiga da ita ruwa. Suka yi ta magana, ina tsintar abin da zan iya. Kyamarar ta fi sauƙin riƙo, kuma in ta lalace ita kaɗai ta lalace. Akwatin ya fi nauyi, amma hoton wayar ya fi kyau, kuma mutum yana ganin abin da yake ɗauka sarai. Sai dai in ruwa ya shiga, waya ta tafi.

Ta ɗaga wannan, ta ajiye, ta ɗaga wancan. Ta juyo ta ce, "Wanne, Mama?"

Na ce, "Duk wanda kika ɗauka, shiga ruwa dai ba sana'a ba ce."

Ta tura akwatin gaban dattijon. Ta gaya masa da Turanci, a hankali yadda zan ji, cewa akwatin take so, don da ta fito daga ruwa za ta turo wa mamanta hoto nan take, ta san ta fito lafiya. Dattijon ya dube ni yana murmushi. Ni kuwa na juya ina duba wasu igiyoyi da ke rataye, kamar na zo sayen igiya.

Kafin mu tafi ya buɗe akwatin ya zaro wani siririn zoben roba daga bakin murfin, baƙi, kamar awarwaron yara. Ya ce duk tsaron akwatin a nan yake. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce silin gashi guda in ya gitta a kansa, ya isa ruwa ya shiga. Ya kawo wani ɗan mai a 'yar leda, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya ɗiga a yatsa ya murza zoben. Abu biyu na riƙe a maganarsa: zoben shi ne rai, kuma yana son mai. Na dubi ɗan man nan na ce a raina, wannan rowa har ina?

Ni dai a gidana ba abin da man kaɗe bai gyara ba. Daga gida ake aiko mini da shi. Kaushi, tari, ƙuna, ƙofar da ke ƙara, takalmin maigida, duk shi ne. Maigidan yakan ce ranar da tasinsa ya ƙi tashi, ya san abin da zan kawo.

Ranar Alhamis yarinyar ta cika bahon wanka, ta sa takardar goge hannu a cikin akwatin, ta nutsa shi, ta ɗora masa nauyi. Bayan awa ɗaya ta ciro takardar a bushe ƙayau, ta nuna wa babanta. Asabar za su yi nutson gwaji na ƙarshe a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, can cikin jihar Virginia.

Ranar Juma'a da hantsi ta tafi kama jirgin ƙasa na Metro. Ina cikin yi wa wata mata kitso, na kai rabi, na ce ta ba ni minti biyar. Na hau sama, na shiga ɗakin yarinyar, abin da ba na yi. Jakar kayan nutsonta tana ɗaure a bakin gado. Na ciro akwatin, na buɗe, na zaro zoben. A idona a bushe yake kamar ƙafar yaro da sanyi. Na lakato man kaɗe da yatsa biyu, na mulke shi ciki da waje, har yana sheƙi. Ina mulkewa ina addu'a, duk wadda na iya. Abin da ban iya faɗa mata ba a shekara ashirin da biyu, na faɗa wa zoben roba. Na mayar da shi, na rufe, na ɗaure jakar yadda na same ta, na sauka na ƙarasa kitsona. Hannuna ko wankewa ban yi ba kafin in hau, kuma mai kitso ta san abin da ke manne a yatsunta.

Asabar tun safe wayata tana cikin aljihun rigata. Azahar ta yi, ba hoto. La'asar ta yi, ba hoto. Na ƙona miya. Na yi wa ƙannenta faɗa a kan abin da ba su yi ba. Sai dab da magariba na ji motarta, na zauna a kan matakala.

Ta shigo ba sallama, ta ajiye wayar a kan tebur, ruwa yana naso a bayan gilashinta. Ta gaya wa babanta, ba ni ba. Suna sauka ta ga ruwa yana taruwa a cikin akwatin. Hankalinta ya koma kansa, ta saki igiyar da suke bi, ta fara tasowa sama da sauri, abin da aka hana su tun ranar farko. Dattijon ya cafko ƙafarta. Da suka fito ya buɗe akwatin a gaban kowa, ya zaro dogon silin gashi baƙi daga jikin zoben, ya ɗaga shi sama. Ya ce mai ma ya yi yawa, shi ya riƙe gashin. Ya ce wanda bai kula da zobe ba, wata rana ba zai kula da iskarsa ba. Bai ba ta takardar shaidar nutso ba, sai ta sake gwaji.

Ta ce, "Ni kaɗai ce mai irin gashin nan a wurin. Kowa ya san nawa ne."

Maigida ya ɗago ya dube ni. Ya san ni, ya san kwanon man. Na sunkuya ina goge tebur da ba shi da datti. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma ga idon a tsaye a gabana yana ɗaukar laifina.

A nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba. In na ce ni ce, dole in ce na shiga ɗakinta, in ce don me, in ce tsoro ya hana ni barci tun ranar da ta kawo takalman agwagwa. Na gwammace ta ɗauka ita ce sakarya da ta san na damu. Haka abin yake, ba zan yi masa kwalliya ba.

Washegari Lahadi ta sauko, amma ba matashi a hannunta. Ta tsaya a matakala ta ce kada in tsefe, tana tunanin aske gashin gaba ɗaya, don ba ya tafiya da nutso. Ta tsaya tana kallona. Yanzu na san jira take in hana ta.

Na ce, "Kanki ne."

Litinin maigida zai fita da tasi ya tsaya a ƙofa ya ce, "Hajiya, ba ki da abin da za ki hwaɗa ma yarinyar ga?" Na ce ya tafi kada fasinja su wuce shi. Talata na shirya maganar a raina tun daga farko har ƙarshe, ta shigo, na tambaye ta ko ta ci abinci. Na ce gobe.

Laraba da yamma ina share gashi a ɗakin ƙasa na ji takunta. Na ɗago. Kan nan da na san kowace tsagarsa, an kwashe shi tas, saura ɗan baƙi-baƙi kamar na jariri. Kunnuwanta sun fito, wuyanta ya yi siriri. Tana murmushin ƙarfin hali. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Na ce, "Ba gashinki ba ne."

Ta ce, "Me?"

"Gashin da ya ciro. Daga hannuna ya hito. Ni na buɗe akwatin ran Juma'a, na shafa mishi man kaɗe."

Ta zuba mini ido. Sannan Turanci ya ɓalle mata, da sauri, da ƙarfi, rabi ban gane ba, amma na gane lissafin kwanakin: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Ta ce ta tsaya a gabana ranar Lahadi. Ta shafa kanta da tafin hannu ta fashe da kuka. Ban taɓa jin ƙasƙanci irin na ranar ba. Na tsaya a gaban 'yar da na haifa kamar ɓarauniyar da aka kama a kasuwa, kuma ba wanda ya kama ni da ya fi ta cancanta.

Da ta lafa sai ta koma Hausa ta ce, "Don me, Mama? Don me kika shafa?"

Ga ƙofa ta buɗe mini. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na ga ya bushe."

Ta dube ni, ido jawur. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba, ta haye sama. Kwana uku ba ta ce mini ko sannu ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ce maigida ya kai ni shagon nan. Na tsaya a gaban dattijon, da Turancina na kitso, na gaya masa ɗalibarsa ba ta yi sakaci da zobe ba, uwarta ce. Fuskarsa ta ƙara ja. Ya ce zai kira ta, amma gwaji sai ta sake, don ta saki igiya. Na ce wannan tsakaninsu ne.

Lahadi ta zo. Bayan azahar na sauka ɗakin ƙasa don ƙafata ta saba, na zauna a kujerata. Matsefi da tsinken tsaga suna nan a jere, ba abin da za su yi sai nan da shekara biyu, in ma ta yarda ta bar shi ya fito. Ina zaune ina kallonsu na ji taku a matakala.

Matashinta ne a hannu ɗaya, kwanon man kaɗe a ɗayan. Ba ta dube ni ba. Ta jefa matashin a ƙasa, ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta miƙo kwanon ta saman kafaɗarta.

Ta ce, "Ya bushe."

Na lakato. Aikin bai fi na minti biyu ba, kan ba komai a kansa. Na yi awa uku ina shafawa, kuma ranar ban ce ta daina motsi ba.