Tansy, Karyar da Ba Ta Shiga Kogi

Haihuwarta

An haifi Tansy a watan Maris na shekarar 1951, a gidan gonar shanu na Odell Prewitt da ke Harlan Ford, bakin kogin Brazos a jihar Texas. Mahaifinta Rattler, mahaifiyarta Pearl. Ni Virgil Tackett, makiyayin gidan, ni na riga kowa ganinta a duniya, tun uwarta ba ta lashe ta ba, kuma ni na fara cewa za ta yi suna. Ban taɓa zama a aji ba, amma kallo ɗaya nake yi wa kare in karance shi.

Horonta

Tana da shekara guda ta fara fita farautar rakun, wata ƙaramar dabbar daji mai satar masara, mai baƙin tabo a ido. Hancinta babu na biyu, sai dai aibi guda: ba ta sa ƙafa a kogi. Kowa ya san in rakun ya ja kare cikin ruwa, kansa yake hayewa ya danne har rai ya fita. Duk da haka, a al'adarmu karen da ya tsaya a gaɓa matsoraci ne, kuma hukuncinsa harsashi.

"Virgil, ka saya wa gimbiyar taka kwalekwale mana!" in ji maƙwabcinmu Lonnie Sikes.

Ranar Mai Yatsa Uku

A kakar 1955 wani tsohon rakun da tarko ya cinye wa yatsu biyu, muna kiransa Mai Yatsa Uku, ya nutsar da karnukan Prewitt biyu, har da Rattler. Prewitt ya ɗura harsashi a gabana ya ce, "Yau in ta tsaya a gaɓa, a nan za ka binne ta."

"Maigida, bar ta ta yi yadda ta iya."

"Kai kake ciyar da ita ko ni?"

Gari na wayewa muka koro Mai Yatsa Uku zuwa kogi. Ya faɗa ruwa yana waiwaye, yana jiran wawa. Tansy ta ja birki. Sai ta juya ta zura a guje ta bi gaɓa, ko haushi babu. Prewitt ya ɗaga bindiga. Ni kaɗai na gane wata bishiya da ta faɗi ta haye kogin ta nufa.

"Maigida, dakata!"

"Kauce mini, Virgil!"

Na cafke bakin bindigar, ta tashi. Ina durƙushe, jini na sauka cikin takalmina, na jiyo muryar Tansy daga ƙetare. Rakun ya fito a galabaice, ya tarar tana jiransa a busasshiyar ƙasa. Prewitt ya ajiye bindigar. Rigarsa ya tuɓe ya ɗaure mini hannu.

Zuri'arta

A 1956 aka haɗa ta da Deacon, karen Lonnie Sikes ɗin nan, wanda ya zo roƙo da kansa, hularsa a hannu.

Mutuwarta

Ta mutu a watan Nuwamba na 1963 sakamakon tsufa. Ni na binne ta a kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa, don wadda ta ƙi ruwa da ranta ba zan bari ya same ta a kwance ba. Ta bar 'ya'ya huɗu: Bugle, Junie, Preacher da Ƙaramin Rattler.

Prewitt ya mutu, Sikes ya mutu, ni ina nan daram. Duk wanda ya ce ƙarya nake, ya zo mu gaisa, ya ƙirga yatsun da zai riƙe.