Sojan da Ya Mutu Sau Uku

Jiya na ga tsohon kaset ɗin bidiyo a kasuwar Sabon Gari, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Finafinan yaƙi marasa kan gado yake so: ana harbi sai aljani ya fito, can kuma a tashi rawa.

Wata rana muna kallo a ɗakinsa a Muchia, yana ɓare gyaɗa, aka harbe wani soja mai gashin baki, jininsa kamar zoɓo. Jim kaɗan sai ga shi cikin abokan gaba.

Na ce, "Kawu, wannan ai ya mutu ɗazu."

Ya ce, "Ƙyale shi ya nemi abinci, iyali gare shi."

Sau uku sojan nan ya mutu ya dawo. Kawu ma iyali gare shi, amma sau ɗaya ya tafi. Allah ya kai haske kabarinsa.